Wa Ya Kamata Ya Ja Ragamar Ƙungiyar Masu Jinyar Cutar Mantuwa: Ɗan Sa Kai ko Mai Albashi?

A watan Janairun 1980 wasu mutane kimanin 90 suka yi zama a birnin Kiyoto na ƙasar Japan. Akasarinsu 'ya'ya ne da matan aure da surukai, kowa ya baro tsohon da ya ruɗe a gida. Daga wannan zama aka kafa ƙungiyar iyalan masu cutar mantuwa ta Japan, wadda yau take da reshe a duka jihohi 47 na ƙasar. Wanda ya fi daɗewa yana jagorantarta, Kunio Takami, ma'aikacin gwamnatin jihar Kiyoto ne da ya yi jinyar matar da ta rene shi. Ya riƙe shugabancin sama da shekara 30, sai a 2017 ya sauka. A shekarar 1980 ɗin dai, a Amurka, wani ɗan kasuwar Shikago mai suna Jerome Stone, wanda matarsa Evelyn ke fama da cutar, ya haɗa kai da wasu iyalai suka kafa Alzheimer's Association. Ta Birtaniya kuwa ta riga su da shekara guda, ita ma masu jinya ne suka assasa ta a 1979.

Tushen ɗaya ne, amma hanya ta rabu. Ta Amurka ta zama babbar ma'aikata mai shugaban gudanarwa da ke karɓar albashi, da layin waya da ba ya rufewa dare da rana, da maƙudan daloli da take zubawa a bincike. Rassan ta Japan kuwa har yau masu jinya da waɗanda suka gama jinya ne ƙashin bayansu: su ke shirya zaman iyalai, su ke fitar da mujallar reshe, su ke amsa wayar masu neman shawara. To, wace hanya ce ta fi amfanar iyalan da aka kafa ƙungiyar dominsu?

Tambayar ba ta mutanen Japan da Amurka kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da ke da wannan cuta sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Ta ƙiyasta ɗawainiyar cutar a 2019 a kan dala tiriliyan 1.3, kimanin rabinta aikin da dangi ke yi ne ba tare da an biya su ba. A Indiya, Dakta Jacob Roy ya kafa irin wannan ƙungiya a jihar Kerala a 1992 bayan cutar ta kama mahaifinsa. A Kenya ma Elizabeth Mutunga ta kafa tasu bayan ta yi jinyar nata mahaifin. A garuruwanmu, inda kai tsoho gidan renon tsofaffi abin kunya ne kuma jinya duk a gida take ƙarewa, ko ba jima ko ba daɗe iyalai za su nemi juna. Ranar da suka zauna, rigimar farko ita ce wa za a ba shugabanci, kuma shin za a biya shi.

Hujjojin masu goyon bayan sa kai

Hujjarsu ta farko ita ce sani. Suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganin majinyaci na minti kaɗan a wata, matar ɗansa kuwa ita ke tare da shi lokacin da ya tashi tsakar dare ya ɗauki sandarsa ya ce gida za shi, alhali a ɗakin da ya yi shekara 40 yana kwana yake tsaye. Ita ce za ta ɗauke kwanon da ya gama cin tuwo yanzu, maƙwabci ya shigo gaisuwa, Baba ya dube shi ya ce, "Malam, tun safe yarinyar nan ba ta ba ni abinci ba." Wadda ta sha wannan ta san gardama da shi ɓata lokaci ne. Ta koyi cewa, "To Baba, bari gari ya waye mu tafi tare," ta miƙa masa ruwa, ta kawo zancen gonarsa har ya manta da tafiyar. Ta san a ɗinka takarda mai lambar waya a cikin aljihun rigarsa, a sanar da mai shagon bakin layi da ladan tun kafin ranar da za a kai ga cigiya a masallaci. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙungiyar da irin waɗannan mutane ke jagoranta ba za ta ƙarar da kuɗinta wajen taron bita a otal ba, domin sun san abin da iyali ke nema shi ne wanda zai zauna da tsoho na rabin yini mai jinya ta samu ta yi barci.

Ta biyu ita ce yarda. Ruɗin tsufa ciwo ne da ake ɓoyewa. Wasu gidajen suna kulle tsohuwa a ɗaki don kada ta fita ba mayafi, wasu suna tsoron a ce aljanu ne ko sammu, a wasu wuraren har maita ake jingina wa tsohuwar da ke yawo tana sambatu. Akwai kuma abin da mai jinya ba ta iya gaya wa kowa: cewa jiya ta daka wa mahaifiyarta tsawa, ko cewa wani lokaci zuciyarta tana raya mata da Allah ya yanke wannan wahala. In ta faɗi haka a gaban dangi, abin da za ta ji shi ne, "Ki yi haƙuri, aljannarki ce." In ta faɗa a gaban ma'aikaci mai rubutu a fayil, za ta ji kamar ƙarar kanta take kaiwa. A gaban wadda ita ma ta taɓa wanke wa uwarta shimfiɗa kaɗai bakinta ke buɗewa. Zaman iyalai shi ne ginshiƙin farko na ƙungiyar Japan saboda wannan dalili, kuma mai jinya ce ta fi iya riƙe irin wannan zama.

Ta uku ita ce 'yancin magana. A 2007 jirgin ƙasa ya kashe wani tsoho ɗan shekara 91 mai cutar mantuwa a jihar Aici ta Japan. Ya fice ne daga gida a ɗan lokacin da barci ya sace matarsa, mai shekara 85. Kamfanin jirgin ya kai iyalin ƙara yana neman kimanin yen miliyan 7.2, diyyar tsaikon da aka samu. Kotun farko ta ce su biya, kotun ɗaukaka ƙara ta ce matar ta biya rabi, sai a watan Maris na 2016 Kotun Ƙoli ta wanke su. Ƙungiyar iyalai tana cikin waɗanda suka fito fili suka soki hukuncin farko, domin mambobinta sun san ba mahalukin da zai iya tsaron mutum awa 24 ba ya ƙifta ido. Bayan shari'ar, wasu birane kamar Kobe suka ɓullo da inshorar da ke ɗaukar irin wannan asara. Masu goyon bayan sa kai suna cewa wanda ba ya jiran albashi daga gwamnati ko daga masu ba da tallafi shi ke iya magana ba ya waiwaye. Mai albashi kuwa, ko yana so ko ba ya so, idonsa yana kan inda kuɗin baɗi za su fito, kuma a hankali ƙungiya takan koma yin abin da mai ba da kuɗi ke son gani a rahoto.

Suna kuma kawo abin da ya faru a Amurka. Lokacin da uwar ƙungiya ta yanke shawarar haɗe rassanta su zama hukuma guda, a tsakanin ƙarshen 2015 da 2016, wasu manyan rassa, har da na birnin Niyok da na Los Anjelas, sun gwammace su ɓalle su ci gashin kansu da su miƙa ikon kwamitocinsu da asusunsu ga hedikwata. A ganin masu wannan ra'ayi, ƙungiya tana girma ana ƙara nesanta yanke shawara daga gidajen da ake jinya.

Hujjojin masu cewa a ɗauki ƙwararre a biya shi

Ɗaya ɓangaren ba su musa cewa mai jinya ya san ciwon ba. Cewa suka yi majinyaci ɗaya ya sani. Cutar Alzheimer ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu mantuwa, sauran kuwa iri-iri ne: akwai wadda ke biyo bayan toshewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, akwai wadda ke sa mutum ganin abubuwan da babu su, akwai wadda ke fara canza hali tun kafin ta taɓa tunani. Dabarar da ta yi wa mahaifin shugaba aiki tana iya cutar da mahaifiyar wani. Ga kuma cututtukan da ke kama da mantuwa amma suna da magani, kamar ƙarancin bitamin B12, da matsalar maƙoƙo, da ciwon damuwa, da ruɗewar farat ɗaya da ciwon mafitsara kan jawo wa tsofaffi. Wanda bai karanta ba zai ce duk tsufa ne, a yi haƙuri.

Sai batun magani, inda kuskure ke kisa. Iyalin da suka kwana uku ba barci, abin da suke fara tambaya shi ne me za a sayo a kemis a ba shi ya kwanta. A 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wani rukuni na magungunan taɓin hankali yana ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. A 2009 rahoton da Farfesa Sube Banerjee ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya ya ƙiyasta cewa ana ba mutum kimanin 180,000 irin waɗannan magunguna, waɗanda ke amfana ba su wuce 36,000 ba, kuma suna jawo ƙarin mutuwar kimanin mutum 1,800 a shekara. In likitoci ma sun yi irin wannan tuntuɓe, ina ga zaman da ba ma'aikacin lafiya ko ɗaya, wata ta ce, "Ni wannan nake ba Hajiya, tana barci har hantsi"? A Birtaniya, iyalin Joseph Levy, bayan sun yi jinyarsa, kuɗinsu suka sa wajen samar da ƙwararrun ma'aikatan jinya masu albashi da ke tallafa wa iyalai, waɗanda ake kira Admiral Nurses. Su ma iyali ne, sun sha jinyar, kuma abin da suka ga ya fi ƙaranci ke nan.

Hujja ta biyu ita ce gajiya. Mai jinya na yanzu ba shi da lokacin kansa, balle na ƙungiya. Wanda ya gama jinya kuwa yakan fito a jigace, aljihu ya ƙone, ga makoki. In ya ɗauki shugabanci, lambar wayarsa ita ce ofis. A wurin ɗaurin aure a kira shi, yana cikin sallar asuba waya tana ruri, kowane kira kuma yana tono masa abin da ya wuce. Ranar da ya kwanta ciwo ko ya yi tafiya, ƙungiya ta tsaya. Shugaba irin Takami da zai jure sama da shekara 30 ba kullum ake samunsa ba, kuma ba a gina tsari a kan sa'a.

Ta uku ita ce tuhuma. Mai albashi ana iya tambayarsa ina rahoto, ana iya sallamarsa. Ɗan sa kai kuwa, da ka ce ina rasit, sai fuska ta canza: "Haba Alhaji, ni da nake yi don Allah?" Daga nan baki ya mutu. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko ƙungiyar ci gaban gari ya san yadda abin ke tafiya: kuɗin gudummawa a asusun ma'aji na kansa, littafin shige da fice an yi wata shida ba a buɗe ba, ba don an ci ba, don kawai ba wanda ya ɗauki rubutun a matsayin aikinsa. Wanda ya kafa ƙungiya da hawayen mahaifiyarsa kuma yakan ji tasa ce, maganar zaɓe ma cin fuska ce a wurinsa.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi. Suka ce tuwon girma miyarsa nama ce: shugabancin kyauta sai mai hali. Wa zai iya zirga-zirga da man motarsa, ya sa kati a waya, ya ciyar da baƙi, ba a mayar masa da ko sisi ba? Babban ma'aikacin da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwa, ko matar mai kuɗi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ne ke yin kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyar masu wannan cuta. A gidajenmu kowa ya san su: matar ɗa, da 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, da jikar da aka cire daga makaranta. Ke nan tsarin da aka ce yana ba masu jinya ragama yakan ƙare da ba wa ɗan da ke turo kuɗin magani daga birni, ita kuwa mai wankin tana gida. Suna ƙarawa da cewa biyan mai hidimar jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ma'aikatan zakka suna cikin rukunai 8 da shari'a ta ba kaso, kuma Sayyidina Abubakar, da ya zama halifa, sahabbai sun yanka masa abin ci daga baitulmali don kada neman abinci a kasuwa ya raba masa hankali.

Inda ma'auni ya rinjaya

In aka duba da kyau, kujeru biyu ake ja a kai ana zaton ɗaya ce. Akwai kujerar da ke cewa ga inda za mu nufa, ga abin da za mu kashe wa kuɗi, ga abin da za mu faɗa wa gwamnati. Akwai kuma ta wanda zai buɗe ofis kullum, ya amsa waya, ya rubuta lissafi, ya san lokacin da za a ce wa iyali su kai tsoho asibiti yau. Hujjojin ɓangaren farko, wato sani da yarda da 'yancin magana, duk na kujerar farko ne. Na ɓangare na biyu akasari na kujera ta biyu ne. Doka ma haka ta raba su. A Birtaniya amintattun ƙungiyar agaji galibi ba a biyansu, ma'aikata ake biya. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana ɗan majalisar gudanarwar ƙungiya mai rajistar amintattu riƙe muƙami mai albashi a cikinta, amma ta yarda a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa saboda aikin. Ita kanta ƙungiyar Amurka, da duk ma'aikatanta, 'yan kwamitin ƙolinta 'yan sa kai ne, ta Japan kuwa tana da ofis da ma'aikata a Kiyoto, kuma likitoci suna tare da ita tun ranar farko.

Bincike ma haɗin ya nuna. A Jami'ar Niyok, Mary Mittelman ta bi diddigin mutum 406 da ke jinyar mazajensu ko matansu. An ba rabinsu zama 6 da ƙwararren mai ba da shawara, wasu su kaɗai wasu tare da dangi, aka haɗa su da zaman 'yan uwansu masu jinya, aka kuma ba su damar kiran mai shawarar a waya duk lokacin da abu ya rikice. Sakamakon da aka fitar a 2006 ya nuna waɗannan sun iya ci gaba da riƙe majinyacinsu a gida kimanin shekara 1 da rabi fiye da sauran. Ba zaman iyalai kaɗai ya yi wannan ba, ba kuma ƙwararre kaɗai ba.

Saboda haka ni ra'ayina a bar ragama a hannun 'yan sa kai, domin abin da suke kawowa ba a sayensa, abin da suka rasa kuwa ana iya ɗauko mai shi haya. Amma ƙorafin ɗaya ɓangaren bai faɗi ba, ya zama sharaɗi. A sa wa'adi tun ranar farko, tun kowa yana dariya, shekara 3 ko 4, ba fiye da zagaye biyu ba. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, hannu biyu ke fitar da kuɗi, a karanta lissafi a gaban mambobi ko da abin da ya shigo bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. A samu likita ko ma'aikacin jinya da ya yarda a riƙa tura masa duk tambayar da ta shafi magani, a kuma hana kowa faɗin sunan magani a zaman iyalai. Da kuɗi sun fara shigowa, albashin farko ya tafi ga ma'aikacin jinya ko mai riƙe lissafi, ba ga shugaba ba.

Sharaɗin da ya fi wuya shi ne na wa zai zauna a kwamiti. In ana son mai jinya ta gaskiya ta zo, sai a biya mata kuɗin mota, a kuma biya wadda za ta zauna da tsohuwa har ta dawo, a rubuta wannan a kasafi don kada ya zama alfarma da take roƙa. A sa lokacin taro da wurinsa yadda matar aure za ta iya halarta, a kuma ware wa mata masu jinya kujerun da ba za a cike da wakilansu maza ba. Shi kansa mai cutar, a farkon ciwonsa, yana da bakin magana. Christine Bryden 'yar Ostireliya, wadda aka gano tana da cutar tana da shekara 46, an zaɓe ta cikin kwamitin ƙungiyar Alzheimer ta duniya a 2003.

Akwai abin da wannan rabon bai warware ba. Ma'aikacin da ke ofis kullum ya fi kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata uku sanin komai, kuma da wuya a daɗe kwamitin bai koma 'yan amshin shata ba, ana miƙo musu takarda suna sa hannu. A ɗaya gefen, ƙungiyar da duk abin da take da shi shi ne karo-karon mambobi za ta yi shekaru ba ta iya biyan kowa ba, kuma a wannan tsakanin shugaba ne akawu, shi ne ma'aji, shi ne mai amsa waya. Ga matsala ta farko, maganin shi ne kowane ɗan kwamiti ya ci gaba da halartar zaman iyalai, ya ji da kunnensa abin da rahoto bai ɗauko ba. Ga ta biyu, a raba wayar ƙungiya kwana-kwana tsakanin mutum huɗu ko biyar, a kuma iyakance alkawari ga abin da za a iya cikawa: zama ɗaya a wata wanda ba ya fashi, da lambar likita ɗaya da ake da tabbacin zai ɗauka.